Jego a gidan yari: Jariran da ba su cikin lissafin kowa

A shekarar 2025 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya kai ziyarar ba-zata gidan gyaran hali na Goron Dutse, inda ya biya tara da kuɗaɗen da ake bin wasu mata takwas, aka sallame su. A cikinsu akwai masu juna biyu, akwai kuma masu shayarwa. Labarin ya zaga gidajen rediyo na kwana ɗaya ko biyu, jama'a suka sa albarka, sannan siyasa ta taso ta binne shi kamar yadda ta saba binne komai.

Babu mai musun cewa alheri ne. Sai dai idan mutum ya natsu ya sake duba labarin, zai ga akwai abin da ya fi ƙarfin sa albarka a cikinsa. Matar da biyan kuɗi kaɗai ya isa ya buɗe mata ƙofa, ba don tana da haɗari ga al'umma aka kulle ta ba. Rashin kuɗi ne ya riƙe ta. Da motar gwamna ba ta bi ta Goron Dutse a ranar ba, da mai cikin ta haihu tana tsare, mai goyon kuma ɗanta ya koyi rarrafe a tsakar gidan da ake kulle ƙofarsa tun kafin magariba. Abin tambaya shi ne: mata nawa ne irinsu suka shiga bayan an sallami waɗancan takwas ɗin, kuma wa zai biyo ta kansu?

Mata ba su da yawa a gidajen yarin Najeriya. A cikin ɗaurarru kimanin dubu 80 da ƙasar ke tsare da su, mata ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. Wannan ƙarancin, wanda ya kamata a ce ya sauƙaƙa kula da su, shi ne ya zame musu matsala. An gina gidajen ne domin maza, an tsara kasafinsu domin maza, an horar da yawancin ma'aikatansu domin tsaron maza. Gidajen da aka keɓe kacokan domin mata, irin na Kirikiri da ke Legas, 'yan ƙalilan ne. A sauran wurare, mace na zaune ne a wani ɓangare da aka katange a cikin gidan maza. Jaririn da ke bayanta kuwa ba fursuna ba ne, ba ma'aikaci ba ne, ba kuma baƙon da ya zo ziyara ba ne. Babu kotun da ta yanke masa hukunci, amma yana cin sarƙa tare da uwarsa.

Abin da ke rubuce a takarda

Ba za a ce doka ta yi shiru ba. A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya. Sashe na 34 na wannan doka ya yi maganar mata dalla-dalla. Ya ce a tanadar musu wurin tsarewa na daban a kowace jiha. Ya ce a yi wa kowace mace gwajin ciki ranar da aka karɓe ta, ko kuma a cikin kwana 14. Ya wajabta a kula da lafiya da abincin masu juna biyu da masu shayarwa da jariransu, a kuma samar da ɗakin raino a duk wurin da ake tsare mata. Har ma ya ce idan aka samu mace ta ɗauki ciki tana tsare, a yi bincike, har da gwajin ƙwayar halitta, domin a gano wanda ya yi a gurfanar da shi. Duk wanda ya karanta wannan tanadi na ƙarshe ya san 'yan majalisa ba daga sama suka tsinto shi ba.

A waje ma Najeriya ta ɗaura wa kanta alkawura. Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙoƙi da Walwalar Yara ta shekarar 1990, wadda Najeriya ta amince da ita a 2001, ta keɓe sashe na 30 ga 'ya'yan matan da aka ɗaure. Abin da ta nema shi ne, idan za a hukunta mai ciki ko uwar ƙananan yara, a fara duba hukuncin da ba na kullewa ba, kada a ɗaure uwa tare da ɗanta, kuma kada a yanke wa irin waɗannan mata hukuncin kisa. A watan Disamba na 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 70 da ake kira Ƙa'idojin Bangkok. A cikinsu an hana sanya wa mace ankwa ko mari tana naƙuda ko tana haihuwa ko bayan ta sauka nan take, an hana kulle mai ciki ko mai shayarwa a ɗakin horo ita kaɗai, an kuma ce yaron da ke zaune da uwarsa a gidan yari kada a taɓa ɗaukarsa a matsayin fursuna.

To, mu sauko daga takarda mu duba tukunya. Kuɗin ciyar da ɗaurarre a Najeriya ya daɗe a kan Naira 750 a rana, kafin gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta ɗaga shi zuwa Naira 1,125. Duk ɗan kasuwar da ke Dawanau ko Singa ya san abin da wannan kuɗi zai iya saye idan aka raba shi gida uku, bayan ɗan kwangila ya cire ribarsa da kuɗin itace ko gas. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga maganarmu shi ne, ana lissafa kuɗin ne a kan kowane ɗaurarre. Jariri ba ya cikin wannan ƙidaya. Mai shayarwa, wadda masana abinci suka ce jikinta na buƙatar ƙarin abinci fiye da na sauran mata, gabzar da aka zuba wa kowa ita za a zuba mata, sai fa in an yi mata wani tanadi na musamman. Idan yaro ya cika wata shida, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara haɗa masa da abinci, kununsa da sabulun wankinsa da maganin zazzaɓinsa dole su fito daga wani aljihun. Sau da yawa aljihun na dangi ne, ko na ƙungiyoyin agaji, ko na wata gandiroba mai tausayi. A jihar da alƙaluman binciken lafiya na ƙasa suka nuna fiye da rabin yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tsumburewar da ta kama yaro kafin ya cika shekara biyu, da wuya ta sake shi har girmansa.

Wata goma sha takwas

Tsohuwar ƙa'idar gidajen yarin Najeriya ta yarda a karɓi jariri tare da uwarsa idan yana shan nono kuma bai kai wata 18 ba. Daga nan sai a nemi dangi su karɓe shi, in babu, a miƙa shi ga jami'an walwalar jama'a. Ƙasashe sun sha bamban a kan wannan iyaka. Ingila ma wata 18 take bi, Afirka ta Kudu shekara biyu, Kenya shekara huɗu, Indiya kuwa har shekara shida. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna cewa babu wanda ya samo amsar da ta gamsar. A bar yaro da uwarsa, ya tashi a kulle, ba ya ganin kasuwa, ba ya ganin akuya, ba ya jin muryar namiji sai ta mai tsaro. A raba su, ya rasa nono da ɗumin jikin da babu abin da ke maye gurbinsu. Gaba kura, baya sayaki.

Ga Bahaushe Musulmi akwai ƙarin damuwa. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so ya cika shayarwa, kuma a kan haka yawancin matan karkara ke kai yaye. Tsakanin wata 18 na doka da wata 24 na addini akwai wata shida, waɗanda ga mai karanta takarda ba komai ba ne, amma ga uwar da za a zare wa yaro daga ƙirji a bakin ƙofar gidan yari, su ne komai. Yaye ma a al'adarmu ba fizgewa ake yi ba. Rana ake sawa, a kai yaro gidan kakarsa, a dama masa kunu, a yi ta lallashinsa har ya manta, uwar kuma ta san inda yake, ta san bayan kwanaki za a dawo mata da shi.

Haka jego. Macen da ta haihu a gidan mijinta, ko ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, tana da ungozoma ko wata dattijuwa mai kula da ita. Akwai ruwan zafi safe da yamma, akwai kunun kanwa, akwai nama mai yaji, akwai 'yan barka masu shigowa da sabulu da zannuwa, ran bakwai a raɗa suna a yanka rago. Likitoci na da ja a kan wasu daga cikin waɗannan al'adu, musamman tsananin zafin ruwan wanka da yawan kanwa, kuma suna da hujja. Amma abin da al'adar ke tabbatarwa shi ne, har kwana arba'in ba a barin mai jego ita kaɗai. A gidan yari wa zai dafa ruwan? Wa zai raɗa sunan? Idan naƙuda ta taso da tsakar dare bayan an kulle ɗakuna, sai an samu wanda ke riƙe da makulli, a samu izinin fita, a samu mota mai mai a cikinta, a samu gandiroba mace da za ta raka ta asibiti. Kowane mataki lokaci yake ci, zubar jini kuwa ba ta jira.

Akwai wani abu kuma da mu Hausawa ya kamata mu fi kowa ganewa. Mu mutane ne masu laƙaba wa yaro sunan yanayin da aka haife shi: Ɗan'azumi, Sallau, Anaruwa, Shekarau, Ɗanjuma. Laƙabin kan danne sunan yanka har kabari. Yaron da aka haifa a gidan yari, ko ba a kira shi da komai a gabansa ba, unguwa ta riƙe. Ranar da ya yi faɗa da ɗan maƙwabta za a tuna masa, ranar da ya je neman aure za a tuna wa iyayen yarinya. Shi ya sa Ƙa'idojin Nelson Mandela na 2015 suka ce a yi ƙoƙari haihuwar ta kasance a asibitin waje, idan kuma ta auku a ciki, kada a rubuta hakan a takardar haihuwa. Takarda dai ana iya gyara ta. Bakin mutane ne ba ya gyaruwa.

Daga Bagwai zuwa Goron Dutse

Mazaunin birni na iya ɗaukar wannan a matsayin matsalar cikin ganuwa. Ba haka ba ne, nauyin ya fi danne na nesa. Mu ɗauki Bagwai, ƙaramar hukumar da ke arewacin Kano, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da dubu 160, ƙasar gero da dawa da gyaɗa da noman rani a gefen madatsar ruwa ta Watari. Yawancin 'yan birni ba su san sunanta ba sai a ƙarshen Nuwambar 2021, lokacin da jirgin ruwan da ya taso daga Badau ya kife da fasinjoji, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Wannan hatsari ya nuna wa duniya abin da mutanen yankin suka daɗe da sani, wato zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma kanta aiki ne ga wasu ƙauyukan, balle zuwa birnin Kano.

A ƙaddara wata mata ce a Romo ko Gogori ko Kiyawa. Tana riƙe da adashin matan unguwa, kuɗin ya narke a rashin lafiyar ɗanta. Ko ta karɓi atamfofi bashi daga wani ɗan kasuwa domin ta sayar a gidajen aure, masu saye suka ƙi biya. Ko kuma faɗa ya haɗa ta da kishiya har aka ji rauni. Aka kai ƙara wurin 'yan sanda, daga nan kotu. Alƙali ya ba da beli, amma da sharaɗin a kawo mai tsaya mata wanda ke da takardar fili, ko ma'aikacin gwamnati mai wani mataki na albashi. Mijinta manomi ne, gonarsa ta gado ce, ba ta da takarda. Bai san kowa a sakatariyar Audu Baƙo ba. Sai a rubuta a kai ta ajiya, da goyonta a baya.

Daga wannan rana lissafin gidan ya rikice. Duk zaman kotu sai mijin ko ɗan'uwanta ya bar gona, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, sau da yawa don kawai a gaya masa an ɗage. Duk ziyara sai an sayar da kwanon hatsi ko kaza. Wata na farko za a zo, na biyu a zo sau ɗaya, idan damina ta kankama sai a bar wa Allah. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba, kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce marasa laifi ne har sai an tabbatar. Idan tuhumar mai nauyi ce wadda kotun majistare ba ta da hurumin saurara, sai fayil ya tafi ma'aikatar shari'a neman shawarar lauyoyin gwamnati. Wata shida da fayil zai yi a kan tebur, a wurin ma'aikaci jinkiri ne na yau da kullum. A wurin jariri kuwa shi ne tsakanin kwanciya da zama, ko tsakanin rarrafe da tafiya.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu 'yan kasuwa da ma'aikata. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma ce ba a hana mace tsaya wa mutum beli don kasancewarta mace. Kano ta yi tata dokar makamanciyar wannan a 2019. Amma kowa ya san yadda ake yi. Mai bin bashi ba ya son doguwar shari'a, sai ya je caji ofis, a sauya wa bashin suna ya koma cin amana ko zamba, domin an san idan aka kulle mutum dangi za su haɗo kuɗi. Da mace mai goyo dabarar ta fi ci, don an san ba za a iya jure ganinta a ciki ba. Idan dangin ba su da abin haɗawa kuwa, sai ta zauna. Alhali tun 2019 Kano ke da kotunan ƙananan basussuka da aka kafa domin a karɓo wa mutum haƙƙinsa cikin ɗan lokaci ba tare da lauya ba, ga kuma zaurukan sulhu na Hisba da na masu unguwanni da dagatai. Malamanmu na Malikiyya ma sun daɗe da rarrabewa: Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, ta yarda a tsare wanda ake bi bashi domin a binciki halinsa, amma ta ce ba a tsare wanda ya tabbata ba shi da komai.

Jaririn da ke ciki shi ake gani, shi ake ɗauka hoto idan manya sun kai ziyara. Waɗanda suka fi yawa su ne waɗanda aka bari a gida. Macen karkarar Kano da ke goyo, da wuya a ce wannan ne ɗanta na fari; akwai uku ko huɗu ko biyar a gabansa. A fiƙihun Malikiyya, idan uwa ta kasa riƙon yara, kakarsu ta wajen uwa ce ke biye. A aikace kuwa, wanda ya samu ya ɗauka. Wasu su faɗa hannun kishiyar da wataƙila ita ce abokiyar shari'ar uwarsu. Babbar 'yar, mai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, a cire ta daga makaranta ta koma uwa, ko a ɗora mata farantin talla, ko a gaggauta aurar da ita don a rage baki. Namijin a haɗa shi da wani malami mai tafiya gabas. Ba abin mamaki ba ne kuma takardar saki ta iske matar tana tsare. Ranar da za a sallame ta, ko da kotu ta wanke ta tas, za ta fito ta tarar babu ɗaki, babu jari, 'ya'ya sun watse gida uku.

Haƙƙin wanda aka zalunta fa?

Mai karatu na iya cewa: to, don mace na da ciki ko goyo sai ta yi abin da ta ga dama? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a daɗe da ganin zafinta ba. Maryam Sanda, wadda Babbar Kotun Abuja ta yanke wa hukuncin kisa a watan Janairun 2020 bisa kashe mijinta Bilyaminu Bello a 2017, da jaririya a hannu aka fara gurfanar da ita, kuma a 2018 an ba ta beli ne bisa dalilin juna biyu da rashin lafiya. A watan Oktoban 2025 sunanta ya fito a jerin waɗanda Shugaba Tinubu ya yi wa afuwa, aka kafa hujja da maslahar 'ya'yanta biyu. Ƙasa ta ɗauki zafi, dangin mamacin suka koka, fadar shugaban ƙasa ta ja da baya ta mayar da abin sassauci zuwa ɗaurin shekara 12, daga bisani kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kotunan ƙasa.

Mutanen da suka fusata ba su yi laifi ba. Jini ba abin wasa ba ne, kuma yaran da aka kafa hujja da su, su ne dai aka mayar marayu. Amma a ganina darasin da ke cikin wannan shari'a ba shi ne a daina duba 'ya'yan ɗaurarru ba. Darasin shi ne, hujjar 'ya'ya ta isa teburin shugaban ƙasa ne a shari'ar da ke da manyan lauyoyi da manyan sunaye, a laifin da ya fi kowane nauyi, alhali matar da aka kulle a kan kuɗin adashi babu wanda ya taɓa tambayar ta ko 'ya'yanta nawa. An juya abin a baibai. Inda ya kamata tausayi ya zama ƙa'ida, wato ƙananan laifuka da jiran shari'a, babu shi. Inda ya kamata a yi taka-tsantsan, nan ya ɓullo.

Shari'ar Musulunci ba ta ɗauki uwa a matsayin wadda ta fi ƙarfin hukunci ba, amma ta ƙi yarda hukuncin ya shafi wanda bai ji ba bai gani ba. Hadisin matar nan Bagamidiya da ke cikin Sahihu Muslim sananne ne: ta zo da kanta ta yi iƙirari, Manzon Allah (SAW) ya mayar da ita har ta haihu, ta dawo ya sake mayar da ita har ta yaye. Abin lura, ba a kulle ta tare da jaririn ba a tsawon wannan lokaci. Ko a shari'ar Amina Lawal ta Jihar Katsina, wadda aka yanke wa hukuncin jifa a 2002 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta wanke ta a Satumbar 2003, kotunan da suka same ta da laifi sun jinkirta zartarwa har sai ta yaye 'yarta. Dokar 2015 ta tarayya ita ma ta ce mai cikin da aka yanke wa kisa, a dakata har ta haihu ta yaye. Idan a laifin da hukuncinsa rai ne an san da zaman jariri, ina dalilin mantawa da shi a kan tarar Naira dubu talatin?

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan tunani ƙa'idar aiki. A 2007 Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu, a hukuncin da Mai Shari'a Albie Sachs ya rubuta kan wata uwar yara uku da aka samu da zamba, ta wajabta wa alƙalai su binciki halin da yara za su shiga kafin su ɗaure wanda ke ɗauke da renonsu. A Fabrairun 2018 Kotun Ƙolin Brazil ta ba da umarnin a mayar da masu ciki da iyayen yara 'yan ƙasa da shekara 12 da ke jiran shari'a zuwa tsarewar gida, ban da waɗanda ake tuhuma da laifin zubar da jini ko cutar da 'ya'yan nasu. Babu ɗayan ƙasashen biyu da ta soke hukunci. Tambaya ɗaya suka ƙara a gaban alƙali.

Kano na da kayan aikin yin haka ba tare da jiran Abuja ba. Kashi na biyu na dokar 2019 ya tanadi hukuncin da ba na kullewa ba: aikin yi wa al'umma hidima, sa ido a kan mai laifi yana gidansa, sakin talala, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa. A ƙauye irin na Bagwai, inda mai unguwa ya san kowace mace da sunan mijinta da na ubanta, sa ido ya fi sauƙi a kan birni. Mai goyo ba ta da inda za ta gudu. Dagaci ko limami na iya tsaya mata, idan kotu ta yarda ta karɓi mutunci a madadin takardar fili. Tun 2023 jihar ke da dokar kare yara. A shekarar ce kuma Mai Shari'a Dije Abdu Aboki ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar Babbar Jojin Kano, kuma tana da ikon ba da umarnin aiki ga kotunan majistare, kamar yadda Alƙalin Alƙalai ke da shi a kan kotunan shari'ar Musulunci. Umarni guda da zai ce kada a aika mace ajiya sai an rubuta ko tana da ciki, ko tana shayarwa, yara nawa ta bari kuma a hannun wa, ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Zagayen da manyan alƙalai ke yi suna sallamar ɗaurarru yana da amfani, amma kwasar ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo.

Attajiranmu ma da ke biya wa ɗaurarru tara a watan azumi, Allah Ya saka musu. Sai dai ciki ba ya jiran Ramadan. Waɗanda bashi ya danne suna cikin kaso takwas da aka ambata a rabon zakka, kuma jihar na da Hukumar Zakka da Hubusi. Asusu na dindindin, wanda lauyoyin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA za su iya ƙwanƙwasawa a ranar da aka yanke tara, zai fi taron ɗaukar hoto sau ɗaya a shekara.

Saura maganar gini. Kalmar gidan yari kanta daga sarautar Yari ta samo asali, wato mai kula da kurkukun sarki, kuma hukumomin En'e ne ke riƙe da irin waɗannan gidaje a Arewa har zuwa 1968 da gwamnatin tarayya ta haɗe su a hannunta. Tun daga lokacin jihohi ke aika mutane, tarayya na ciyarwa, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. A watan Maris na 2023 aka gyara Kundin Tsarin Mulki, aka ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali. A 2025 kuma gwamnatin Kano ta bayyana aniyarta ta mayar da gidan Kurmawa, wanda aka gina tun 1910, gidan tarihi, a kwashe mazaunansa zuwa sabon gidan Janguza da ke hanyar Gwarzo, mai ɗaukar mutum 3,000. Tunda ana maganar sauya wa ɗaurarru wuri, yanzu ne lokacin da Majalisar Dokokin Kano, har da mai wakiltar Bagwai da Shanono, za ta gayyaci Kwanturolan hukumar na jiha da Kwamishinan Shari'a da Kwamishinar Mata, ta nemi a ajiye mata lissafi a rubuce: masu ciki nawa ne ke tsare a jihar, jarirai nawa kuma watanninsu nawa, nawa ne daga cikin iyayensu aka yanke wa hukunci, nawa ke jira kuma tun yaushe, ina ɗakin rainon da sashe na 34 ya ambata, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta kunun yaran.